Victor Schoelcher, ɗan jaridar da ya ƙi a jinkirta ƴanta bayi

An haifi Victor Schoelcher a birnin Paris ranar 22 ga watan Yulin 1804. Mahaifinsa mai masana'antar tangaran ne, kuma shi ya tura shi Meziko da Kuba a 1829 neman kasuwa. A Kuba ne ya ga halin da bayi ke ciki, ya dawo gida ya kama rubutu a jaridu.

Da farko yana ganin a ƴanta bayi sannu a hankali. Bayan ya zagaya tsibiran Karibiyan a 1840 da 1841, sai ya sauya ra'ayi, ya wallafa littafi a 1842 yana neman a soke bauta nan take.

Juyin juya halin Fabrairun 1848 ya ba shi dama. An naɗa shi ƙaramin minista mai kula da ƙasashen da Faransa ke mulka, ya jagoranci kwamitin da ya rubuta dokar 27 ga Afrilun 1848, wadda ta ƴanta mutane kusan 250,000. Sai dai iyayengiji aka biya diyya, ba bayin ba. A Martinik ma, bayi ne suka yi bore ranar 22 ga Mayu, suka ƙwaci ƴancinsu kafin takardar dokar ta iso.

An zaɓe shi ɗan majalisa a Martinik, amma da ya ƙi goyon bayan juyin mulkin Louis-Napoléon a 1851, ya yi gudun hijira zuwa Landan har 1870. Ya zama sanata a 1875, ya yaƙi hukuncin kisa, a 1880 kuma ya fallasa yadda bauta ta ci gaba a Senegal duk da dokar. Ya rasu ranar 25 ga Disambar 1893.

Dokarsa ba ta shafi Damargu ba, domin a lokacin Faransa ba ta iso ba. Ayarin fatake ya ci gaba da ratsa ƙasar da Gangara da Tanut suke a yau, ana kora bayi zuwa Agadas da Tarabulus. Sai a 1905 Faransa ta haramta cinikin bayi a yammacin Afirka, sai kuma a 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifukan da kotu ke hukuntawa, shekara 110 bayan rasuwarsa.