Tarihin Marigayi Malam Aminu Kano

An haifi Malam Aminu a birnin Kano a 1920, ɗan Malam Yusufu ne, gidan ilmi da shari'a. A 1950 ya bar koyarwa ya shiga NEPU, domin talaka ya sami bakin magana. Aka ɗaure mabiyansa, aka yi musu bulala, shi kuma ya faɗi zaɓen 1954, amma bai karaya ba. A 1959 Kano ta Gabas ta zaɓe shi. A 1979 ya rasa shugabancin ƙasa, jam'iyyarsa PRP kuwa ta ci Kano da Kaduna. Ya rasu a 1983.

To, jama'a, wanda ya ƙi jefa ƙuri'a domin ya gaji da azzalumi, ai ƙara masa wa'adi ya yi. Allah ya jiƙan Malam, amin.