Marigayi Dokta John Alcindor: Likitan Talakawan Paddington

A shekarar 1907, shekara ɗaya ke nan bayan yaƙin da Turawa suka yi da Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa, wani baƙar fata ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a kan titin Harrow, cikin unguwar Paddington ta birnin Landan. Sunansa John Alcindor. A lokacin da Ingila ke aiko mana da joji da soja, shi kuwa talakawan Ingila ne ke layi a ƙofarsa suna jiran ya gwada ƙirjinsu. Mun ga ya kamata ɗalibanmu su san shi, musamman masu burin karatun likita da waɗanda ba sa rabuwa da filin wasa.

An haife shi a watan Yuli na 1873 a Port of Spain, babban birnin tsibirin Tirinidad. Baƙaƙen wannan tsibiri jikokin mutanen Afirka ne da aka kwasa, cikinsu akwai Yarabawa da mutanen Kwango, har da Hausawa 'yan kaɗan. Ya yi sakandare a Kwalejin St. Mary's, makarantar mishan ta Katolika wadda limaman ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki suka kafa a 1863. A zamanin nan gwamnatin tsibirin takan ɗauki nauyin ɗalibai ƙalilan, waɗanda ba su cika yatsun hannu ɗaya ba a shekara, ta tura su jami'a a Biritaniya. Ya ci wannan jarrabawa. Da ita ya tafi Jami'ar Edinbara a Sikotlan, ya gama karatun likita a 1899 da sakamako mai kyau ƙwarai.

Mai karatu zai yi tsammani daga nan sai gida, ko kuwa aiki a wata ƙasar Afirka. Amma ƙofofin ba a buɗe suke ba. A 1902 gwamnatin mulkin mallaka ta haɗe ma'aikatar likitocinta ta Afirka ta Yamma wuri guda, ta kuma ƙa'ide cewa sai ɗan asalin Turai za a ɗauka. Wato likita baƙar fata, ko da ajinsu ɗaya da Bature a Edinbara, ko da ya fi shi maki, ba shi da gurbi a cikinta, ko a Legas ko a Lakwaja. Alcindor ya zauna Landan, ya yi 'yan shekaru yana aiki a asibitoci da ƙarƙashin waɗansu likitoci, kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Paddington ta wancan lokaci fuska biyu gare ta. Ta kudu, wajen babban lambun Hyde Park, gidajen attajirai ne. Ta arewa kuwa, inda layin dogo da magudanar jiragen ruwan dako suka ratsa, nan 'yan dako da masu wanki da guga da leburorin reluwe suke cunkushe, iyali guda a ɗaki guda, ga sanyi, ga hayaƙin gawayi. Nan ya zaɓa. Kada mu manta, ba a fara duba kowa kyauta a Ingila ba sai 1948. Dokar inshorar lafiya ta 1911 ma ma'aikaci kawai ta ɗauka, ta bar matarsa da 'ya'yansa. Wanda ya rasa kuɗin likita sai ya je wurin hukumar kula da gajiyayyu, a yi masa tambayoyi na tonon asiri kafin a ba shi takardar ganin likitan gunduma. Alcindor ya riƙe wannan muƙami na likitan gunduma a Paddington, har ya zama babba a cikinsu. Mutanen unguwar suka laƙaba masa suna Baƙin Likitan Paddington, kuma da ƙauna suke faɗinsa, domin an san ba ya korar wanda ba shi da abin biya.

Abin da ya fi jan hankalinmu a aikinsa shi ne bai tsaya ga ba da magani a sallami mutum ba. Babbar cutar unguwar tarin fuka ce. An gano ƙwayar da ke haddasa ta tun 1882, amma maganin da ke kashe ta bai samu ba sai bayan 1940. To, me likita zai yi wa mai tari, alhali zai koma ya kwana da yara biyar a ɗakin da ba taga? Sai ya dubi ɗakin, ya dubi tukunya. Alcindor ya yi rubuce-rubuce a mujallun likitoci a kan tarin fuka da mura mai tsanani da ciwon daji, yana nuna yadda talauci da rashin abinci mai gina jiki suke share wa cuta hanya. Ya kuma shiga kwamitin yaƙi da cututtukan sanyi irin su tunjere, a zamanin da ko ambaton sunansu abin kunya ne. Mu da ke zaune a bakin kogin Haɗeja ba ma bukatar dogon bayani a nan. Yaron da aka ba maganin tsargiya yau, gobe yana cikin fadama yana kamun kifi ko korar tsuntsaye a gonar shinkafa, kuma ruwan da ya ba shi cutar yana nan yadda yake.

Da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, ya miƙa kansa ga sashen likitocin sojan Biritaniya. Aka ƙi shi saboda asalinsa, alhali ana kukan ƙarancin likitoci. Bai naɗe hannu ba. Ya shiga ƙungiyar agaji ta Red Cross, yana tarbar sojojin da aka raunata a tashoshin jirgin ƙasa na Landan idan an dawo da su daga fagen fama a Faransa. Daga baya ƙungiyar ta ba shi lambar yabo. Yaƙi bai gama lafawa ba sai ga annobar mura ta 1918, wadda ta iso har ƙasar Hausa.

Duk da wannan ɗawainiya, da bazarar Turai ta kama, Dokta yakan sa fararen kaya ya fita wasan kurket tare da kulob ɗin Mill Hill Park a yammacin Landan. Ba wasan kuɗi ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa suke haɗuwa ranar hutu. Kurket baƙo ne ga yawancinmu, ko da yake an buga shi a Kwalejin Katsina, kuma Sardauna Ahmadu Bello na cikin waɗanda suka buga. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Matsayin Alcindor shi ne mai tsaron bayan sanduna uku da ake kafawa: yana tsugune da safar hannu mai kauri, duk ƙwallon da mai dukan ya kuskure shi zai cafke. Ƙwallon kuwa da tauri take kamar goruba, kuma masu wannan matsayi sun saba da karayar yatsu. Likitan da abincinsa ke hannunsa ya ɗauki kasada ke nan, amma a ganinmu ya san abin da yake saye da ita. A ɗakin magani shi ne mai ba da umurni, a titi baƙo ne da ake waiwaye a kalla. A fili kaɗai yake zama ɗaya daga cikin goma sha ɗaya, wanda za a yaba wa idan ya cafke, a yi wa tsiya idan ya saki, sa'an nan a zauna a sha shayi tare.

A 1911 ya auri wata Baturiya mai suna Minnie Martin. Danginta suka yanke hulɗa da ita saboda wannan aure. Allah ya ba su 'ya'ya maza uku.

Bai kuma manta da nasa ba. Yana cikin mahalarta taron farko na haɗin kan baƙar fata na duniya da aka yi a Landan a Yulin 1900, wanda ɗan ƙasarsu Henry Sylvester Williams ya shirya, W.E.B. Du Bois na Amurka kuma ya halarta. A 1921 ya gaji John Archer a shugabancin Ƙungiyar Ci Gaban Afirka, mai kula da ɗalibai da baƙin da suka zo daga Afirka da tsibiran Karebiyan, da kai kokensu ga ofishin mulkin mallaka. A shekarar kuma ya shugabanci zama a babban taron baƙar fata da aka sake yi a Landan.

Ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1924, yana da shekara 51, 'ya'yansa duk ba su girma ba. An binne shi a maƙabartar Katolika ta St. Mary's da ke Kensal Green, ba nisa da unguwar da ya yi wa aiki. Sunansa ya daɗe da ɓacewa daga bakin mutane, sai da masu binciken tarihi suka tono shi. A 2014, shekara 90 bayan rasuwarsa, aka manna shuɗin allo na tunawa da shi a titin Harrow, wurin da ɗakin maganinsa yake a da.