Nathan Cobb: mutumin da ya ƙirga abokan gabar manoma da ido ba ya gani

A watan Janairun 1910, itatuwan ceri 2,000 suka isa birnin Washington, kyauta daga birnin Tokyo zuwa ga Amurka. Kafin watan ya ƙare, an tara su an cinna musu wuta da amincewar Shugaba William Taft. Masu binciken Ma'aikatar Aikin Gona sun gano ƙwari a jikin itatuwan, da kuma wasu ƙananan tsutsotsi a saiwoyinsu. Cikin masu binciken akwai Nathan Augustus Cobb, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin waɗannan tsutsotsi a Amurka.

Ƙona kyautar wata ƙasa ba ƙaramar kasada ba ce a diflomasiyya. Amma Japan ta haɗiye abin, ta sake aiko da wasu itatuwa 3,020 masu lafiya a 1912, shekarar da Amurka ta kafa dokar killace tsirrai da ake shigowa da su daga waje.

Tsutsotsin da ake magana, waɗanda masana ke kira nematod, ba tana ba ce. Masu cin amfanin gona a cikinsu yawanci ba su kai milimita biyu ba, kuma suna da wani tsinke a baki da suke huda saiwa da shi su tsotse ruwanta. Manomin tumatir na rani da ya tuge shukar da ta yi yaushi ya ga saiwar ta yi ƙululu-ƙululu, ya ga aikin wani jinsinsu, ko da bai san sunansa ba.

An haifi Cobb a garin Spencer na jihar Massachusetts ranar 30 ga Yunin 1859. Ya tashi cikin rashi, ya yi ƙwadago tun yana yaro. Bayan ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Worcester a 1881, ya yi koyarwa na wasu shekaru, sannan ya kwashi iyalinsa zuwa Jena a Jamus, inda ya samu digirin digirgir a 1888. Daga nan sai Ostireliya.

A can ne ya zama masanin cututtukan tsirrai na gwamnatin New South Wales. Ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kimanta yawan tsatsar da ta kama ganyen alkama, kuma har yau ana amfani da gyararren samfurinsa. A 1893 ya bayyana wata tsutsa da ya samu a saiwar ayabar tsibirin Fiji, wadda yanzu ake kira Radopholus similis. Ita ce ke rarake saiwar ayaba har iska kaɗan ta kayar da shukar da nononta, kuma ta bi 'ya'yan ayaba na dashe ta bazu a ƙasashe masu zafi, har da na Afirka.

Ya koma Hawai a 1905 don nazarin cututtukan rake, sannan Washington a 1907. A ganina, babban aikinsa ba yawan jinsunan da ya raɗa wa suna ba ne, duk da sun haura dubu. Hanyar ƙirga su ce. A 1918 ya wallafa yadda za a dama ƙasar gona da ruwa, a bar yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan ta jerin rariya masu ramuka daga manya zuwa ƙanana, sai tsutsotsin su maƙale a ta ƙarshe. Aiki ne da ya yi kama da tace gasara, amma da shi ne aka iya cewa gonar nan tana ɗauke da tsutsa kaza, don haka ga abin da ke cinye amfanin. Ɗakunan bincike suna bin wannan hanya har gobe.

Cobb bai ga zamanin karanta ƙwayoyin gado ba, sai dai 'yarsa Frieda ta zama masaniyar ilimin gadon halitta, ta yi bincike a kan tsirrai da macizai. Shi kuwa da madubin ƙara girman abu da fensir ya yi aiki, yana aune-aune yana zane.

Ya rasu a Baltimore ranar 4 ga Yunin 1932, saura 'yan makonni ya cika shekara 73. Sai a 2008 aka fitar da cikakken jerin ƙwayoyin gadon jinsi biyu na tsutsar da ke kumbura saiwa, Meloidogyne incognita da Meloidogyne hapla, dangin waɗanda aka gani a saiwar itatuwan Tokyo. Binciken ya ƙarfafa wani abin mamaki: yawancin sinadaran da suke narka bangon ƙwayoyin tsiro da su, alamu sun nuna kakanninsu sun samo ƙwayoyin gadonsu ne daga bakteriya.