GEORGE MULLER, UBAN MARAYU NA BRISTOL

An haifi George Muller a ƙasar Jamus a shekara ta 1805. Ƙuruciyarsa ba abin yabo ba ce. Yakan saci kuɗin ubansa, har aka jefa shi kurkuku yana da shekara 16 domin ya kwana a masauki ya ƙi biya. Amma a 1825 wani aboki ya kai shi taron addu'a a garin Halle, nan ya ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu.

Ya tafi Ingila a 1829, ya zauna a birnin Bristol tun daga 1832. A 1836 ya buɗe gida domin 'yan mata marayu 30. Aikin ya yi ta girma, har a 1870 akwai manyan gidaje biyar a Ashley Down, masu ɗaukar yara wajen 2,000.

To, ina kuɗin? Muller ya ƙudura a ransa ba zai roƙi kowane mutum ko anini ba, ba zai kuwa ci bashi ba. Allah kaɗai yake gaya wa bukatarsa. Sau da dama akan wayi gari ba kuɗin abincin rana, sai taimako ya iso a kan kari.

Mutane da yawa sun san wannan, amma sukan manta da ɗaya gefen. Mutumin da ba ya roƙo, shi ne ya fi kowa ba da lissafi. Kowace kyauta, ko sule ɗaya ce, ko zobe, ko tsohuwar riga, sai an rubuta ta a littafi. Idan mai bayarwa ya ce kuɗinsa na gini ne, ba a taɓa shi domin abinci, ko da tukunya tana wofi. Lokaci lokaci yakan buga rahoto, ya nuna abin da ya shigo, da inda ya tafi, da yadda Allah ya amsa addu'a. Ba ya bayyana cikakken sunan masu bayarwa, domin kada wani ya bayar saboda yabo.

Waɗansu suka ce ai rahoton ma roƙo ne a fakaice. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, gama mutane suna karantawa, zuciyarsu tana motsuwa. Muller kansa ya lura da haka. A ƙarshen 1841, sa'ad da talauci ya matsa musu ƙwarai, shi da abokan aikinsa suka jinkirta rahoton da gangan, don kada a ce da shi suka dogara. Watanni suka wuce cikin ƙunci, amma yaran ba su kwana da yunwa ba. Mu da muke riƙe da jakar baiko a ekklesiyoyinmu, wa zai iya wannan?

Yana da kusan shekara 70 ya fara tafiye-tafiyen wa'azi, ya zaga ƙasashe 42 cikin shekara 17. Ya kuma taimaki masu bishara da yawa da kuɗi, har da abokan aikin Hudson Taylor a ƙasar Sin.

Ya rasu ran 10 ga Maris, 1898, yana da shekara 92. Marayu fiye da 10,000 sun tashi a hannunsa, kuɗin da ya bi ta hannunsa kuwa ya haura fam miliyan ɗaya. Da aka ƙidaya abin da ya bari nasa na kansa, duk da littattafai da kayan ɗaki, wajen fam 160 ne.