KUN SAN KO WACE CE MONTESSORI?

 Na tabbata waɗansunku sun sha wucewa ta gaban makarantar yara ƙanana a Kano ko Kaduna ko Jos, suka ga an rubuta Montessori a jikin allo. Wasu suna zaton sunan wani gari ne a Turai, wasu kuwa sun ɗauka alama ce kawai ta makaranta mai tsada. To, sunan mace ne, likita, wadda ta rasu tun 1952. Yau labarinta zan ba ku, domin abin da ta gano game da yara ya shafi kowace uwa, ko da ɗanta bai taɓa taka ƙofar irin wannan makaranta ba.

An haifi Mariya Montessori ran 31 ga watan Agusta, 1870, a wani ɗan gari da ake kira Chiaravalle a ƙasar Italiya. Ubanta Alessandro ma'aikacin gwamnati ne a sashen kuɗi, mutum mai riƙon al'adun da. Uwarta Renilde kuwa mace ce mai son karatu, ita ce ta tsaya mata a kan duk abin da ta sa gaba. A 1875 suka koma birnin Rum da zama.

A zamanin nan, yarinyar da ta yi karatu a Italiya galibi iyakarta ta zama malamar makaranta. Mariya ta ƙi wannan hanya. Tana da shekara 13 ta shiga makarantar fasaha wadda yawancin ɗalibanta maza ne, da niyyar zama injiniya. Daga baya ta sake shawara, ta nufi aikin likita. Ubanta bai so ba, amma ta dage. Ta shiga Jami'ar Rum a 1890, ta fara da karatun kimiyya, sannan a 1893 aka karɓe ta a sashen koyon likitanci.

Ku 'yan makaranta, ku saurara da kyau a nan. Samarin ajinsu ba su yi murna da zuwanta ba, suka riƙa tsangwamarta. Da aka zo darasin feɗe gawa, wanda dole ne ga kowane mai koyon likitanci, aka ga bai dace ta yi shi tare da maza ba. Saboda haka sai an tashi, kowa ya watse, sannan ta shiga ɗakin gawarwaki ita kaɗai ta yi aikinta. Haka ta daure har ta ƙare a 1896, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka zama likitoci a Italiya. A wannan shekara ce kuma ta wakilci ƙasarta a taron mata na duniya a birnin Balin na Jamus, inda ta nemi a riƙa biyan mace daidai da namiji in aikinsu ɗaya ne.

Aikinta ya kai ta gidajen mahaukata na birnin Rum. A can ta tarar da yara masu raunin ƙwaƙwalwa an kulle su cikin ɗakuna fayau, ba abin wasa, ba abin taɓawa. Masu rubuta tarihinta sun kawo cewa wata mai tsaron yaran ta yi mata ƙorafin kwaɗayinsu, wai da sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Mariya ta dubi ɗakin, ta gane ashe hannuwansu ne ke neman abin yi, ɓarɓashin nan kuwa shi kaɗai ne abin da suke iya samu su jujjuya. Daga nan ta shiga karanta littattafan wasu likitocin Faransa biyu, Itard da Seguin, waɗanda suka riga ta koyar da irin waɗannan yara ta hanyar taɓawa da gani da ji. A 1900 aka naɗa ta cikin shugabannin wata makaranta ta irin yaran nan. Ba a daɗe ba wasu daga cikinsu suka zauna jarrabawar gwamnati ta karatu da rubutu tare da lafiyayyun yara, suka ci. Jama'a suna ta mamaki, ita kuwa abin da ya dame ta shi ne, me ake yi wa lafiyayyun yara a makarantu har waɗannan suka kamo su?

Ba zan ɓoye muku wani ɓangare mai ɗaci na rayuwarta ba. A 1898 ta haifi ɗa namiji, Mario, ba tare da aure ba. Uban wani likita ne abokin aikinta, Giuseppe Montesano. A wancan lokaci matar da ta yi aure ana sa ran ta ajiye aiki, wadda ta haihu ba aure kuwa sunanta ya ɓaci ke nan. Aka ɓoye maganar, aka kai jaririn ƙauye wurin mai raino. Takan je ta gan shi, amma ya girma bai san ita ce ta haife shi ba. Uban ya auri wata. Sai a 1913, bayan rasuwar uwarta, ta ɗauko shi ya dawo hannunta yana da wajen shekara 15. Ku duba fa, macen da duniya ta sani da sanin halin yara ba ta ga tatatar ɗanta ba, ba ta ji maganarsa ta fari ba. Daga baya Mario ya zama babban mataimakinta har ƙarshen ranta.

Ran 6 ga watan Janairu, 1907, aka buɗe makarantar da ta sa sunanta ya zaga duniya, a unguwar matalauta ta San Lorenzo cikin Rum. Masu gidajen haya ne suka gaji da ɓarnar yaran da iyayensu ke bari su tafi aiki, suka nemi a tara su wuri ɗaya. Aka ba ta ɗaki guda da yara wajen 50, galibi 'yan shekara 3 zuwa 6. Aka sa wa wurin suna Casa dei Bambini, wato Gidan Yara. Ta sa aka yi kujeru da tebura ƙanana marasa nauyi waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa. Ta kawo kayan koyo na katako, ta koya musu shara da wanke hannu da ɓalla maɓalli. Sannan ta koma gefe ta zuba ido, kamar yadda likita ke lura da majinyaci.

Ga abin da ta gani. Wata rana wata yarinya 'yar shekara 3 tana wasa da guntayen itace zagayayyu, kowane da raminsa daidai shi a jikin wani katako. Ta zare, ta mayar, ta zare, ta mayar. Mariya ta sa sauran yara su yi waƙa, yarinya ba ta ɗago kai ba. Ta ɗauke ta da kujerarta ta ɗora bisa tebur, yarinya ta rungume kayanta ta ci gaba. Sai da ta maimaita fiye da sau 40 sannan ta tsaya don kanta, fuskarta cike da fara'a. To, uwargida, in kin ga ɗanki yana ta zuba ƙasa a gwangwani yana juyewa, kada ki ce shirme ne. Hannunsa da idonsa da hankalinsa ne suke koyon aiki tare, kuma in kin katse shi kin katse masa darasi.

Daga irin wannan lura ta ce girman ɗan Adam zango-zango ne: daga haihuwa zuwa shekara 6, daga 6 zuwa 12, daga 12 zuwa 18, sai 18 zuwa 24. A zangon farko hankalin yaro kamar soso yake, yana tsotse abin da ke kewaye da shi ba da wahala ba. Shi ya sa yaron da ya tashi a gidan da ake Hausa da Fulatanci yakan kama duka biyu ba wanda ya zaunar da shi, alhali babba sai ya sha fama. A cikin zangon nan kuma akwai lokatai da ƙishin wani abu ke kama yaro, kamar magana, ko tafiya, ko son ganin kome a wurinsa. Sau da yawa rigimar ɗan shekara 2 daga nan take. An sauya masa ƙoƙon da ya saba sha da shi, ko wani ya zauna a wurin zaman babansa, sai ya ɓarke da kuka, mu kuwa mu ce fitina ce mu ɗauko bulala. Zangon 12 zuwa 18 kuma ta kwatanta shi da sabuwar haihuwa. Jiki yana sauyawa, zuciya ba ta zama wuri ɗaya, yau fara'a gobe fushi. Ke 'yar makaranta, in kina jin haka ki sani ba ke kaɗai ba ce. Ke kuma uwa, abin da budurwar 'yarki ta fi bukata a lokacin nan shi ne a mutunta ta, a ba ta aikin da za ta ga an amince da ita.

Sai maganar abin da ke sa yaro himma. Malamar da ke taimakonta ta yi wata lambar yabo ta rataya wa wani yaro. Yana ta kai da kawo cikin aikinsa, lambar ta faɗi, bai ko kula ba. Wani yaro da aka zaunar gefe don horo ya tsinta, mai ita ya bar masa. Mariya ta ga cewa yaron da ya sami aikin da ransa ke so, daɗin aikin ya ishe shi, sai ta daina ba da lada, ta daina horo. Bayan rasuwarta masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan magana. A 1973 wasu malamai 3 a Amurka, Lepper da Greene da Nisbett, sun sami yara masu son zane, suka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Bayan 'yan kwanaki, da aka bar su ba alkawarin kome, waɗanda aka yi wa alkawarin nan sun rage zane da kusan rabi in an gwada da sauran. Saboda haka mu yi hattara da yawan sayen yara da alewa a kan abin da da ma suna so.

Akwai kuma ranar da ta koya musu yadda ake face majina da hankici cikin natsuwa. Ta zaci za su yi dariya, sai suka yi tsit, da ta gama suka ɓarke da tafi. Ta gane cewa kullum ana yi musu tsawa a kan majina, amma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi. Ashe yaro ma yana jin kunya, yana jin zafin wulakanci. Wajen zaman tare kuwa, takan haɗa manya da ƙanana a aji ɗaya, babba ya koya wa ƙarami, kuma kowane kayan koyo guda ɗaya ne tak, don mai so ya koyi jiran ɗan'uwansa ya gama. Haruffa kuma ta yanka su da samfefa, irin wadda kafinta ke goge katako da ita, yara suna bi da yatsa, har 'yan shekara 4 da 5 suka fara rubutu kafin shekarar 1907 ta ƙare.

Labari ya bazu. Littafinta na farko kan wannan hanya ya fito a 1909, aka fassara shi da Turanci a 1912, ta ziyarci Amurka a 1913. Amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Daga 1924 ta karɓi taimakon gwamnatin Musolini, mai mulkin kama-karya a Italiya, har wajen shekara 10, kafin su ɓata ta bar ƙasar a 1934, daga baya aka rufe makarantunta. Yaƙin basasa ya kore ta daga Sifen a 1936. A 1939 ta tafi Indiya koyar da malamai, Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da ita can. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, Turawan Ingila suka tsare Mario, suka sake shi lokacin da ta cika shekara 70. Ba ta koma Turai ba sai 1946. Sau 3 ana gabatar da sunanta don lambar Nobel ta zaman lafiya, a 1949 da 1950 da 1951, amma ba ta samu ba. Ta rasu ran 6 ga watan Mayu, 1952, a garin Noordwijk na ƙasar Holan, tana da shekara 81. A 1990 Italiya ta sa hotonta a takardar kuɗi ta lira 1,000, wadda aka yi amfani da ita har zuwan kuɗin yuro a 2002.

Ba kowace maganarta ce zan ce ku ɗauka ba. Ba ta son a riƙa yi wa ƙananan yara labaran almara, ni kuwa ban ga laifin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka da dare ba. Amma ku sani, kowa na iya rubuta sunanta a allon makarantarsa. Kafin maigida ya biya kuɗi, ki nemi a bar ki ki shiga aji. Ki duba ko kayan koyo suna ƙasa inda hannun yaro zai kai, ko yara suna zaɓar aiki da kansu, ko kuwa malama ce tsaye da bulala suna ta haddar abin da ba su gane ba. Gani ya kori ji.

A gida kuma ba ki bukatar sayen kome. Ki ɗaure wa 'yarki 'yar tsintsiya daidai hannunta, ki ba ɗanki 'yar buta ya zuba ruwa da kansa, ki bar su su tsince wake, su ɓare gyaɗa, su sa takalmansu ko da za su ɓata miki lokaci. In ruwa ya zube, ki miƙa tsumma ki nuna yadda ake gogewa. Wadda ta gwada, ta rubuto mana abin da ta gani don sauran 'yan'uwa su amfana. Sai mun sake saduwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.