Muhammad al-Katsinawi: Masanin lissafin da Katsina ta haifa, Masar ta mora

Kusan shekara 300 da suka wuce, wani malami Bafulatani, Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi, ya bar gida zuwa aikin Hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira yana koyarwa.

Ya shahara a ilimin taurari da lissafi. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimin lissafi, wato jera lambobi cikin gidaje yadda jimillar kowane layi za ta zo ɗaya. Misali, 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi 15.

Ya rasu a 1741 a gidan ɗalibinsa Hasan al-Jabarti, mahaifin fitaccen marubucin tarihin Masar, Abdurrahman. Wannan ɗalibin ya bar wa littattafansa.