Ibnun Nafis, Malamin Da Ya Gano Hanyar Jini Tsakanin Zuciya Da Huhu

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti, a Ollelewa ne ko a Tanut ko a Damagaram, ya ga yadda likita kan kama wuyan hannun majinyaci yana ƙirga bugun jijiya. Wannan bugu shi ne ya shagaltar da malamin da za mu kawo tarihinsa yau, wato Ala'uddin Aliyu ɗan Abil Hazmi, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis.

An haife shi a ƙasar Sham, ya koyi likitanci a asibitin Nuri da ke Dimashƙa a hannun Shaihu Dakhwar, sannan ya koma Alƙahira. Can ya yi ta duba marasa lafiya, yana kuma karantar da fiƙihu a kan mazhabar Imamu Shafi'i.

A zamaninsa likitoci sun shekara sama da dubu suna bin maganar Jalinusu, cewa akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a jikin shamakin da ya raba zuciya biyu, ta nan jini ke ratsawa daga dama zuwa hagu. Har Ibnu Sina, duk da girmansa, a kan haka ya tafi. Amma wajen shekarar 1242, cikin sharhin da ya yi wa littafin Alƙanun, Ibnun Nafis ya ce shamakin nan toshe yake. Jini daga ɗakin dama huhu yake zuwa, ya gauraya da iska, sa'an nan ya dawo ɗakin hagu. Ya kuma bayyana cewa jijiyoyin da ke ratsa naman zuciya su ke ciyar da ita, kuma bugun jijiya daga bugun zuciya yake tasowa. Saɓa wa manyan magabata irin waɗannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, kuma da hujja ya yi shi, ba da raini ba.

Abin lura, ƙofar da magabata suka ɗauka halitta ce ga kowa, yau likitoci sun san cuta ce da akan haifi wasu jarirai da ita, har a yi musu tiyata a toshe.

Wannan bayani nasa ya daɗe ba a waiwaye shi ba, sai a 1924 da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Attatawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu a Balin ta Jamus.

Masu tarihi sun ruwaito cewa a ciwon ajalinsa wasu likitoci sun ba shi shawarar ya sha giya don magani, ya ƙi, domin bai yarda ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa ba. Ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri, ya rasu a Alƙahira a shekarar 687 Hijira, daidai da 1288. Allah Ya jiƙansa da rahama.